Daminar da Gilashin Gwaggo Ya Ƙi Kamawa

Gwaggo Rakiya yayar babanmu ce. Mu muna Birnin Kudu, ita tana Gwaram, kuma duk hutun damina can ake tura ni. A gidanta akwai wani ɗaki na ƙurya da ba a shiga da takalmi, ba a shiga da abinci, ba a kuma shiga idan mutum ya shafa mai a hannu. Mutanen unguwa suna kiransa ɗakin magani, duk da ba a taɓa ba kowa magani a cikinsa ba. Abin da Gwaggo ke yi a ciki shi ne tsirar da wata 'yar fata a jikin gilashi, fatar da ta fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba, wadda take jin haske idan ya faɗa mata. Wannan aikin ta yi a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a har ta yi ritaya, ta dawo gida da kofunan gilashinta a cikin kwali, an naɗe kowanne da tsohon zane. Ɗalibai ba su bar ta ta huta ba. Wani ya gaya wa wani, har ta kai masu aikin kammala digiri suna shiga mota su zo Gwaram su yi sallama a ƙofarta.

Hutun bara da na je, na tarar gidan a cike. 'Yarta, Yaya Hadiza, ta yi haihuwar fari ta zo wankan gida, an sauke ta a ɗakin da ke jikin na aikin Gwaggo. Inna Yalwa, ungozomar unguwar, kullum tana nan safe da yamma da tukunyar ruwan zafi da ganyen darbejiya. Akwai kuma wata baƙuwa da ban sani ba, Malama Bilkisu, mai koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Basirka. Tana ƙaro karatu ne, kuma aikinta na ƙarshe a kan irin fatar nan yake. Kowace safiya mashin ke sauke ta, gefen hijabinta duk feshin taɓo. Dole ta kai gilasanta jami'a a auna kafin wata ya ƙare. In ta rasa wannan layin, sai kuma baɗi.

Ban ma ajiye jakata ba na ga Gwaggo tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ta riƙe wani gilashi da hantsaki, ta ɗaga shi sama tana dubawa. Irin gilashin nan ne mai tsawon yatsa da ake ɗiga jini a kai a asibiti. Launin jikinsa ruwan ɗorawa ne, amma dabbare-dabbare, wani wuri ya kama, wani wuri fayau, kamar bayan kwanon da aka yi wa wankin ganin dama.

"Malama Bilkisu," in ji Gwaggo, "ko dai hannuna ya tsufa, ko idona. In naki bai kama ba, na rufe ɗakin nan. In kwashe kofunan in ba makarantar 'yan mata. Ba zan riƙa sa 'ya'yan mutane suna ƙona man mashin a banza ba."

Ba da fushi ta faɗa ba. Kamar yadda take cewa gishiri ya ƙare, haka ta faɗe shi. Shi ya sa na san da gaske take.

Autanta, Yaya Nura, yana zaune a kan turmi yana cin ɗanwake. Gyaran waya yake yi a kasuwa, kuma yana ganin babu abin da ke da wuta a jiki da ya fi ƙarfinsa.

"Umma, wai mene ne abin wahalar? Ki tsoma nan, ki tsoma can, kamar mai rini. Ki ba ni kwana biyu in fitar miki da shi."

"To, injiniya," in ji Gwaggo. "Gama cin ɗanwakenka. Safiya, kawo mini kujera."

Ni ce Safiya. Na kawo kujerar, na koma jikin bango na zauna. Abin da ta faɗa a ranar da sauran kwanakin da suka biyo baya shi ne nake rubutawa.

"Aikin farko da aka ba ni wankin gilashi ne," in ji ta. "Na fito da takardata, ina jin kaina. Maigidana wani dattijo ne mutumin Ilori, Baba Rahimi, gajere, tabaransa ɗaure da zare. Ya miƙo mini kwalin gilasai, ya nuna mini famfo. Na wanke da sabulu, na ɗauraye, na jera suna ta ƙyalli. Ya zo ya ɗauki ɗaya da hantsaki, ya zuba masa ruwa, ya ɗaga. Ruwan ya tattaru ƙwaya-ƙwaya kamar zufa a goshi. Ya ce, 'Rakiya, wannan na shan shayi ne.' Ya juye su duka cikin baho. Na yi watanni ba a bar ni na taɓa komai ba sai sabulu da ruwa. Gilashin da ya wanku, ruwa kwanciya yake yi a kansa sumul, ba ya tsinkewa. In ka ga ya dunƙule, akwai maiƙo, ko da idonka ya rantse babu."

Ta ciro sabon gilashi ta ba Yaya Nura. Ya wanke hannu sau biyu, ya wanke gilashin, ya ɗauraye, har da hure shi da baki. Gwaggo ta zuba masa ruwa daga kwalba. Ruwan ya watse, ya bar ɗigo huɗu ko biyar suna sheƙi, ɗaya daidai inda babban yatsansa ya riƙe.

"Man gyaɗan ɗanwake ne," in ji Malama Bilkisu, ta rufe baki da hijabi.

"Ba ɗanwake ba ne," in ji Gwaggo. "Ko azumi yake yi haka zai fito. Jikin mutum kansa mai ne."

Washegari ta bar ni na shiga, bayan na wanke hannu har gwiwa na ɗaure kaina tamau. Ɗakin ƙarami ne. Akwai tebur da aka lulluɓe da farar leda, da risho mai gas, da tukunyar ruwa wadda kofin gilashi ke zaune a cikinta, da ma'aunin zafi rataye da zare don kada ya taɓa gindin kofin. Can sama, kusa da inda bango ya ƙare, akwai kanta. A nan take jera gilasan da ta wanke da yamma, a tsaye cikin wani katako mai tsaga-tsaga, su kwana su bushe inda kaza ko yaro ba za su kai ba.

Kayan haɗin uku ne, kuma duk ta ce sun fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Na farko gishirin tagulla ne, shuɗi shar kamar bula. Na biyu wani farin gishiri ne da masu wanke hoto suke amfani da shi a da. Na uku soda ce, irin ta masu yin sabulu, wadda take cin fata, don haka ba a kusantarta sai da safar hannu. Ta narka shuɗin a ruwa, ta riƙa tsiyaya farin a hankali tana juyawa da sandar gilashi. Shuɗin ya koma kore, koren ya dusashe, sai ga ruwa garau kamar ba a zuba komai ba. Ita kuma sodar tana cikin kofin da ke tukunya, da zafin da bai kai tafasa ba.

"Nura yana cewa rini," in ji ta, tana kallon ma'aunin. "Rini shiga zare yake yi. Wannan kuwa tsirowa yake. In na tsoma gilashi a soda, na ɗaga, na tsoma a ruwan tagulla, wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani za su kafu a jikinsa. Tsomi na biyu wasu su hau kan na farko, su bi tsarinsu. Haka, haka, kamar magini yana jera bulo. In sahun farko ya zauna daidai, na sama za su bi. In na farko bai sami wurin kamawa ba, duk abin da ka ɗora banza ne."

Ta fara. Hannunta na dama ne kawai ke motsi, daga kofi zuwa kofi, leɓenta yana ƙirga wani abu a ɓoye. Na lura ba ta taɓa barin gilashin ya bugi bakin kofi. Da farko ban ga komai ba. Can sai wani launi ya fara bayyana kamar ruwan shayin da bai ji ganye ba, ya koma ɗorawa, ya fara karkata zuwa ruwan goro. Malama Bilkisu ta matso kusa. Gwaggo ta tsoma shi a ruwan ɗauraya ta ɗaga, sai muka ga fatar ta yage daga gefe, wani yanki yana yawo a cikin kofin kamar ɓawon gyaɗa.

Gwaggo ta ajiye gilashin a gefe. Ta bayan bango muna jin jaririn yana kuka, Inna Yalwa tana yi masa wasa tana kiransa maigida.

Tsarin Gwaggo shi ne ba a canza abu biyu a lokaci ɗaya. Ta ce in ka canza biyu abin ya gyaru, ba ka san wanda ya gyara ba, kuma gobe zai sake kama ka. Da ruwa ta fara. Ba ta aiki da ruwan rijiya, don yana barin farin tabo in ya bushe. Tataccen ruwa take saye, irin wanda ake zuba wa batirin mota. Ta yi zargin ko mai sayarwar ya fara surki, sai ta aiki Yaya Nura Birnin Kudu ya sayo a wani shago daban. Bai gyaru ba. Ta canza soda. Bai gyaru ba. Ta buɗe sabon kwalin gilasai. Ta ari ma'aunin zafi a wurin wani malamin asibiti ta gwada da nata, suka zo daidai. Kowane gwaji yana cin yini guda, kuma kowace yamma Malama Bilkisu tana hawa mashin hannu wofi.

A irin waɗannan yammacin ne Gwaggo ta fi yin magana, tana wanke gilasan gobe.

"Wani aiki da ba na mantawa," in ji ta, "na wani yaro ne da ke son a shimfiɗa masa azurfa a kan gilashi. A lokacin muna da babban inji. Tulu ne na gilashi, a kife, ya kai girman tukunyar biki. Sai a zuƙe iskar cikinsa ƙaf da famfo, tun safe har azahar yana gurnani. In iska ta ƙare, sai a kunna wuta a ƙarƙashin 'yar ƙwayar azurfa. Ta yi ja, ta narke, ta tashi kamar tururi, ta je ta kwanta a gilashin da ke sama. Kana tsaye kana kallo, gilashi ya zama madubi. Ranar na ga fuskata ta fito a hankali daga inda babu komai. Baba Rahimi ya ce, 'Kada ki tsaya kallon kanki, kalli allurar ma'auni.'"

"Ina injin yanzu?" in ji Yaya Nura. Ya fara dawowa daga kasuwa da wuri, wai babu ciniki.

"Ya mutu a hannuna. Wata shekara wuta ta lalace mana, a kawo a ɗauke, a kawo a ɗauke. Ana tsakiyar aiki, inji ya yi zafi, aka ɗauke. Iska ta koma ciki, man famfon ya ƙone. Muka kwance shi, muka wanke, ya tashi. Aka sake ɗaukewa. Karo na ƙarshe wani ƙarfe ya tsage, kuma ba a samunsa sai a ƙasar da aka ƙera injin. Muka rubuta, muka jira. Ɗalibai suna zuwa suna leƙa taga. Shekarar nan ba mu fitar da gilashi ko ɗaya ba. Baba Rahimi ya lulluɓe injin da tamfol, ya kawo kofuna biyu da risho ya ajiye a gabana. Ya ce, 'Wannan ba ya jiran kowa.' Daga nan na koma aikin ruwa."

Yaya Nura ya ciro wayarsa ya kunna tocilar bayanta yana juyawa.

"Wannan ƙwayar da ke ba ka haske," in ji Gwaggo, "ita ma tsirar da ita aka yi, hawa kan hawa, a injinan da ban taɓa gani ba sai a hoto. Kai canza ta kake yi in ta mutu. Ka taɓa tambayar wa ya haife ta? Dangin fatar tawa ce. Ba wayar lantarki ba ce da wuta ke wucewa a guje, ba kuma roba ba ce da ke hana ta. Tsakani take. Tasu in an ba ta wuta ta ba da haske. Tawa in an ba ta haske ta ƙara buɗe wa wuta hanya."

Ta ba mu labarin masu zuwa. Akwai wanda zai zo ranar Laraba ya ce Alhamis zai miƙa aikinsa a jami'a. Akwai wanda ta ba gilashi, kafin ta juya ya karɓa da yatsu, zanen yatsansa ya zauna a kai har aka kai shi gaban malamai. Akwai wani ɗan Wurno da ta jera wa nasa a akwati da auduga, ya ga akwatin ya yi masa girma, ya naɗe su a jarida ya sa a aljihun baya, ya hau mashin.

"Ya dawo da yamma yana tafiya a karkace," in ji ta. "Na ba shi sabulu na nuna masa baho."

Malama Bilkisu ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Na ga tana kallon kalandar da ke jikin ƙofa.

Da abin da za a canza ya ƙare, sai Gwaggo ta zauna a kujera ta miƙa hannayenta biyu a gabanta, tana kallonsu ko za su yi rawa. Ba su yi ba, amma ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Saura abu ɗaya da ban taɓa yi ba, don ban taɓa buƙata ba." Ta sa Yaya Nura ya sauko da gilasan da suka kwana a kanta. Jiya da yamma a gabanmu ta gwada kowanne, ruwa ya kwanta sumul. Ta ɗauki ɗaya ta zuba masa ruwa.

Ya dunƙule. Ƙwaya-ƙwaya, tun daga sama har ƙasa.

"Innalillahi," in ji Malama Bilkisu. "Wa ya taɓa?"

"Ba wanda ya taɓa. Makullin yana bakin zanena."

"Amma Hajiya, ko da mai ne, ai soda tana cin mai."

"Tana ci, amma ba bai ɗaya ba. Ta ci nan ta bar can. Shi ya sa yake fitowa dabbare-dabbare." Muryar Gwaggo ta canza, ta yi sauri. "Wani abu yana sauka a kansu tsakanin yamma da safiya. Ba ƙura ba ce, damina ake. Mai ne, kuma ta iska yake zuwa."

Ranar ba a kunna risho ba. Ta wanke gilasai, ta raba su. Ɗaya a kan tebur, ɗaya a ƙarƙashinsa, ɗaya a kanta, ɗaya a bakin taga, ɗaya ta rufe a cikin kwalba. Da la'asar ta gwada su. Na kwalba lafiya lau. Na ƙarƙashin tebur da ɗan dama. Na kanta ya fi kowanne lalacewa.

Muka tsaya mu huɗu muna kallon sama. Ɗakin ba shi da silin. Bangon da ya raba shi da ɗakin mai jego bai kai kwanon rufi ba, akwai tazara kamar tafin hannu. A kwanon akwai wani hujin ƙusa da rana ke shigowa ta ciki idan ta karkata, siririn haske kamar sanda. Muna cikin kallo sai wani abu ya ratsa hasken, shuɗi-shuɗi, yana murɗawa a hankali, ya gangaro ta kan kantar. A daidai lokacin muka ji Inna Yalwa tana cewa, "Ɗaga zanen, Hadiza, ya shiga jikinki sosai."

Turaren wuta ne. Safe da yamma, bayan kowane wanka, Inna Yalwa tana zuba garwashi a kasko ta barbaɗa turare, haɗin da aka dafa da sukari da man ƙamshi. Dukanmu mun san da shi. Tun ranar da na zo yake cikin hijabina. Malama Bilkisu har ta tambayi inda ake sayarwa. Amma a gidajenmu turare shi ne abin da ake yi bayan an gama shara da wanke-wanke, shi ne alamar wuri ya tsabtata. Ba wanda zai jera abubuwan da ke ɓata gilashi ya sa shi a ciki. Ita kuwa Gwaggo, hancinta ya daɗe da mutuwa, tun shekarun da ta yi tana shaƙar sinadarai.

Gwaggo ta fara dariya. Ban taɓa jin ta yi irinta ba, har ta dafa tebur.

Inna Yalwa ta leƙo da kaskon a hannu, hayaƙi yana tashi. "Lafiya, Rakiya? Ko abin ya kama?"

"Yaya Yalwa, don Allah ja da baya da kaskon nan. Ke ce kika hana ni barci."

Da aka yi mata bayani, ta ajiye kaskon a ƙasa ta riƙe ƙugu. "Turaren nawa ne datti? Ni Yalwa? Na yi wa matan unguwar nan wanka tun ba a haifi wannan mai wayar ba, ba a taɓa ce mini na kawo datti gida ba."

"Ba datti ba ne a wurin mutum. A wurin gilashi ne."

"To gilashin ya yi haƙuri. Mai jego ba ta kwana ba turare. So kike dangin mijinta su zo su ji ɗaki yana ƙarni, su ce a gidan 'yar boko aka yi wankan?"

"Ni ban ce a daina ba," in ji Gwaggo. "Jikana ne. A ƙara masa ma."

Inna Yalwa ta ɗan sauko. Ta ce in wuri ake nema, ga ɗakinta can a gidanta, babu kowa. Gwaggo ta ce, "Ɗakinki da ya shekara talatin yana shan turare? Ai ko bangonsa aka matse sai ya cika kwalba." Yaya Nura ya ce a toshe tazarar da laka. Gwaggo ta ce hayaƙin ya riga ya zauna a leda da bango da komai, kuma ta ƙofa ma zai zagayo. Aka shiga lissafin ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne an taɓa turara shi. Madafa kuwa hayaƙin itace da man suya.

"Saura ɗaya," in ji Malama Bilkisu a hankali, tana kallon bayan gida.

A can ƙarshen fili, bayan bishiyar zogale, Yaya Nura yana gina ɗakinsa da kuɗin gyaran waya. An yi rufi, an yi daɓen siminti, an sa ƙofa, ba a yi fenti ba. Ko tabarma bai yarda a shimfiɗa a ciki ba, yana jira ya sayo kafet.

"A'a," in ji shi. "Umma, soda fa. Za ta ci mini daɓe."

"Za ta ci," in ji Gwaggo.

Ya kalli ɗakin, ya kalli Malama Bilkisu, ya sosa ƙeya. Sannan ya shiga ya ɗauko teburin a ka.

Washegari gaba ɗaya wanki aka yi. Kowane kofi, kowace sanda, hantsaki, har zaren ma'aunin zafi sai da aka canza. Gwaggo ta sa muka yi wanka da sabulun wanki, muka sa kayan da aka shanya a rana ba a kai su ɗaki ba. Inna Yalwa tana wucewa tana cewa ba ta taɓa ganin mata suna gudun ƙamshi ba sai a gidan nan. Gilasan kuwa ba a bar su sun sha iska ba. Daga wanki sai cikin kwalbar tataccen ruwa, a rufe.

Da hantsi aka kunna risho a sabon ɗakin. Yana warin siminti da danshi. Malama Bilkisu ta miƙa hannu za ta karɓi hantsakin, don wani lokaci ita ke tsomawa.

"Bari," in ji Gwaggo. "Wannan ni zan yi. Ina so in sani."

Ta tsoma a soda, ta ɗaga, ta tsoma a ruwan tagulla. Ta sake. Wani ɗigon soda ya faɗi a daɓe, Yaya Nura ya runtse ido. Launin ya fara zuwa, kuma wannan karon tare ya zo, daga gefe zuwa gefe, kamar yadda gari ke wayewa. Ruwan shayi, ɗorawa, ruwan goro. Ta tsoma a ruwan ɗauraya, ta girgiza shi fiye da yadda ta saba, kamar tana neman ya yage in zai yage. Ta ɗaga shi a bakin ƙofa. Ta cikinsa na ga zogalen da katangar da wata akuya, duk sun koma ruwan zuma, babu tabo ko ɗaya.

Da ya bushe, ta ɗiga wani baƙin shafi da wuta ke bi a gefe biyu, ta maƙala wayoyin mita, na'urar da ke auna yadda fatar ke tare wa wuta hanya. Ta kife kwano a kai. Lamba ta fito a fuskar mitar, ta yi 'yar rawa, ta tsaya.

"Injiniya, kawo tocilarka."

Ya ɗaga kwanon ya haska. Lambar ta fara sauka. Ba da yawa ba, amma tana sauka, ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe ya mayar da kwanon, ta fara hawa a hankali. Ya sake haskawa. Ya sake. Sai da Gwaggo ta ce zai cinye batirinsa.

"Umma," in ji shi, "wallahi yana gani."

"Ba ya gani. Ji yake yi. Matsa, akwai saura."

Suka yi ta yi har la'asar, wasu da tsomi kaɗan, wasu da yawa, don a nan binciken Malama Bilkisu yake: yadda kaurin fatar ke canza jin haskenta. Aka jera su a akwati daga mai haske zuwa mai duhu. Da mashin ya zo, ta zauna ta rungume akwatin a ƙirji da hannu biyu, ta ce wa mai mashin in ya faɗa rami ɗaya ba za ta yafe ba. Ta so ta yi wa Gwaggo doguwar godiya, Gwaggo ta ce hadari yana haɗuwa, su tafi.

Muna tattara kofuna wayar Gwaggo ta yi ƙara. Hannunta da safa, don haka ni na ɗauka na kara mata a kunne. Muryar namiji ce, yana ta gaisuwa, yana cewa wani ne ya ba shi lambarta, ya ji an ce ta kusa daina aiki, ko gaskiya ne.

Gwaggo ta kalli tabon da soda ta yi a daɓen Yaya Nura, fari, kamar girman kwabo.

"Wa ya gaya maka?" in ji ta. "Ka bari a yi arba'in tukuna, muna da mai jego. Kuma ranar da za ka zo, kada ka fesa turare."